Frederick Banting: likitan da ya rasa marasa lafiya, ya samo insulin

Duk wanda ya taɓa shiga gidan da ke da yaro mai ciwon suga a nan Gadarif, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 wutar lantarki ta koma sai ta ga dama, ya san wannan dabara. 'Yar kwalbar allura ce ake ƙulle ta a leda, a sa a ƙaramin tulu, a binne gindin tulun a jiƙaƙƙen yashi cikin inuwa, ko a ajiye ta ƙarƙashin zir inda ruwa ke ɗiga. Uwar yaron ta fi tattalin kwalbar nan a kan 'yan kunnenta na gwal, kuma tana da gaskiya, domin in ruwan cikinta ya ƙare ba a samu wani ba, kwanaki kaɗan ne yaron zai fara amai da numfashi sama-sama, daga nan sai suma. Sunan ruwan insulin. Mutumin da aka fi jingina wa samo shi wani likita ne ɗan ƙasar Kanada, Frederick Grant Banting, wanda ya mutu tun 1941.

An haife shi ranar 14 ga Nuwamban 1891 a wata gona kusa da garin Alliston, a lardin Ontario. Shi ne autan gidan, ɗan manoma ne na sosai, kuma ba wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ne a aji. Iyayensa masu riƙo da addininsu na Kirista ne, burinsu ya zama limamin coci, ya kuwa shiga Jami'ar Toronto a 1910 da wannan niyya. Bai ci jarrabawar shekarar farko ba. A 1912 ya koma karatun likitanci, nan ne ya ɗan samu kansa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi zafi sai aka gaggauta yaye ajinsu a ƙarshen 1916 saboda soja na neman likitoci. A watan Satumban 1918, a fagen daga kusa da Cambrai a Faransa, ɓarɓashin bam ya same shi a hannu, amma ya ci gaba da ɗaure wa wasu raunuka na sa'o'i masu yawa kafin ya yarda a duba nasa. An ba shi lambar jarumta a kan haka. Wannan taurin kai shi ne jarinsa har ya bar duniya, shi ya kai shi inda ya kai, shi ne kuma ya yi ta haɗa shi faɗa da mutane.

Bayan yaƙi ya koyi tiyata a asibitin yara na Toronto, amma bai samu gurbin zama na dindindin ba. Sai ya ci bashi ya sayi gida a wani gari mai suna Landan, ba Landan ta Ingila ba, wata ce a Ontario, ya kafa allo a watan Yulin 1920 yana jiran marasa lafiya. Ya yi kusan wata guda cur ba wanda ya leƙo. Na farkon da ya zo ma ba ciwo ne ya kawo shi ba, takardar sayen barasa yake nema, don a lokacin an hana sayar da ita sai da rubutun likita. Dala 4 ya samu a watan farko. Ga bashi, ga budurwarsa Edith Roach tana neman juya masa baya. Dole ta sa ya karɓi 'yar koyarwa a jami'ar garin don ya rufa wa kansa asiri.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda ciwon suga yake a wancan zamani. Cutar tsohuwa ce, Ibn Sina ma ya siffanta ta a littafinsa na likitanci, har da zaƙin fitsarin mai ita. Amma inda matsalar take a jiki an daɗe ba a gano ba. Akwai wata tsoka doguwa kwance a bayan tumbi, wadda a asibitocinmu ake kira bankiriyas. Aiki biyu take yi. Na farko tana zubo ruwan narkar da abinci cikin hanji ta wani siririn bututu. Na biyu kuma, a cikinta akwai wasu 'yan tarin ƙwayoyi a warwatse kamar tsibirai, waɗanda wani ɗalibi Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani a madubin likita a 1869, su ba su da bututu, kai tsaye suke zuba sinadarinsu cikin jini. Irin wannan sinadari da wata gaɓa ke sakawa a jini ya je ya ba wata gaɓar umarni shi ake kira homon. A 1889 wasu likitoci biyu a Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa kare bankiriyas ɗinsa, sai ga shi ya kamu da ciwon suga mai tsanani. Daga nan aka san inda maganin yake ɓoye, fito da shi ne ya gagara shekara 30.

In ba insulin, sugan da mutum ya ci yana taruwa ne a jini ya kasa shiga tsoka. Kamar a ce an yi kaka, ga buhunan dawa jibge a ƙofar rumbu, mai makulli ba ya nan, iyali kuma na kwana da yunwa. Jiki sai ya koma cin kitsensa da namansa, yaro ya yi ta shan ruwa yana fitsari yana ramewa. Kafin 1922, yaron da ya kamu da irin wannan da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Abin da manyan likitoci irin su Frederick Allen na Amurka ke iya yi shi ne horon yunwa, a rage wa yaro abinci har ya zama ƙashi da fata, don a ƙara masa 'yan watanni. Wasu yunwar ce ma ke ƙarasa su.

To a daren 30 ga Oktoban 1920 Banting na shirya darasin da zai koyar a kan bankiriyas, abin da shi kansa bai sani ba sosai, sai ya karanta wata maƙala ta Moses Barron a mujallar likitocin tiyata. Maƙalar ta ba da labarin wani da tsakuwa ta toshe masa bututun bankiriyas, sashen narkar da abinci ya lalace amma tsibiran nan suka tsira. Barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe 2 na dare ya tashi ya rubuta 'yan layuka a littafinsa: a ɗaure wa kare bututun, a jira sashen narkarwar ya shanye, sannan a tatso abin da ke cikin tsibiran. Takardar tana nan har yau, kuma ko sunan cutar bai rubuta daidai ba.

Aka tura shi wurin Farfesa John Macleod a Jami'ar Toronto, ɗan Sukotland, wanda duniya ta san shi a binciken yadda jiki ke sarrafa suga. Macleod ya saurare shi, ya gane nan take cewa baƙon nasa bai karanta ko rabin abin da aka rubuta a kan batun ba, ya kuma san gwanaye da yawa sun gwada sun faɗi. Duk da haka ya ba shi ɗaki, da karnuka, da ɗalibi mai taimako, na 'yan makonni a lokacin hutu, ba albashi. Ɗalibai biyu ne suka jefa kwabo don a ga wanda zai fara, ta faɗa kan Charles Best, ɗan shekara 22. Ɗayan, Clark Noble, kwabo ɗaya ya raba shi da shiga tarihi.

Sun fara ranar 17 ga Mayun 1921. Farkon aikin ɓarna ce zalla. Ɗakin yana saman bene, ga zafi ga ƙazanta, karnuka suka yi ta mutuwa saboda ruɓar rauni da zubar jini, har sai da suka koma sayen na kan titi. Da suka buɗe waɗanda aka ɗaure wa bututu bayan makonni, sai suka tarar zaren ya kwance, bankiriyas na nan garau, dole aka sake daga farko. Macleod kuwa ya nuna musu hanyar tiyatar ya tafi hutu Sukotland. Ranar 30 ga Yuli suka niƙa shanyayyen bankiriyas cikin ruwan gishiri mai sanyi, suka tace, suka yi wa wani kare mai ciwon suga allura. Sugan jininsa ya sauka. Suka maimaita da wasu karnukan, wani lokaci ya yi, wani lokaci bai yi ba. Daga baya wata karya da suka sa wa suna Marjorie ta rayu kwana 70 ba bankiriyas a jikinta, da allurar kaɗai.

Ga wani abu da masu yabon Banting ba su cika faɗa ba. Dabarar da ta tashe shi tsakar dare, ta ɗaure bututu, ashe ba a ma bukatarta. Kafin shekarar ta ƙare sun gano cewa bankiriyas ɗin saniya da aka ɗauko daga mayanka, in aka jiƙa shi da sinadarin alkohol, yana ba da abin da ake nema ba tare da an wahalar da kare ko ɗaya ba. Wato tunanin nasa ba daidai yake ba, sai dai ya jefa shi kan hanyar da ta ɓulle. Kuma ba shi kaɗai ke kan hanyar ba: a Bukarest ta Romaniya, Nicolae Paulescu ya wallafa irin wannan sakamako a kan karnuka a 1921, sai dai nasa ruwan bai kai ga jikin mutum lafiya ba. Har gobe mutanen Romaniya na ganin an danne masa haƙƙi.

Abin da ya rage shi ne tacewa, domin ruwan da ke saukar da sugan kare yana iya kashe mutum da zazzaɓi da ƙurji. Banting likitan tiyata ne, Best ɗalibi ne, ba mai wannan ilimi a cikinsu. A watan Disamba Macleod ya shigo da James Collip, masanin sinadaran jiki daga Jami'ar Alberta. A ƙarshen watan kuma suka je taron masana a New Haven ta Amurka, Banting ya tashi bayani ya rikice, manyan farfesoshi suka rufe shi da tambayoyi, Macleod ya miƙe ya karɓi maganar ya cece shi. Maimakon godiya, Banting ya fito daga zauren da yaƙinin cewa farfesan na shirin sace masa aiki. Wannan zargi bai bar zuciyarsa ba har kabari.

Gaggawa ta sa ranar 11 ga Janairun 1922 aka gwada ruwan da Banting da Best suka haɗa a jikin wani yaro, Leonard Thompson, ɗan shekara 14, a babban asibitin Toronto. Nauyinsa bai wuce kilo 29 ba. Sugan ya ɗan sauka kaɗan, wurin allurar ya kumbura ya yi ƙurji, aka dakatar. Collip ya koma ya yi ta aiki dare da rana yana sauya ƙarfin alkohol har ya dace da ma'aunin da ke ware insulin daga datti. Da ya zo ya ce ya samu amma ba zai faɗi yadda ya yi ba, Banting ya yi kansa, sai da Best ya shiga tsakani. Ranar 23 ga Janairu aka yi wa yaron allurar Collip. Sugan ya faɗo, warin da ke fita daga numfashinsa ya ɗauke, ya fara samun ƙarfi. Leonard ya ƙara shekara 13 a duniya, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa a 1935.

Ba a gama murna ba sai hanyar haɗawar ta ƙwace wa Collip da aka zo yin mai yawa. Watanni biyu ba insulin a Toronto, wata yarinya da aka fara yi wa allura ta mutu ana kallo. Banting a lokacin ya shiga wani hali, an ture shi gefe a asibiti saboda ba shi da muƙami, ya koma shan barasa kusan kullum, shi da kansa ya rubuta haka daga baya. Best ne ya je ya tayar da shi. A watan Mayu jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka, wanda ke da injuna da masana da kuma hanyar samun bankiriyas tan-tan daga mayankar shanu da aladu.

Daga nan labari ya bazu, iyaye suka yi ta kwararowa Toronto ɗauke da 'ya'yansu. Mafi shahara a cikinsu ita ce Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Charles Evans Hughes. Shekara uku ta yi a kan horon yunwa. Da aka kawo ta wurin Banting a watan Agustan 1922 tana gab da cika shekara 15, nauyinta kilo 20 ne, da ƙyar take tsayuwa. Ya fara mata allura, ya kuma ce a ba ta abinci ta ci ta ƙoshi. Ta girma, ta yi jami'a, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981.

A watan Janairun 1923 aka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin, Banting da Best da Collip kowa ya karɓi dala 1. Da farko ma Banting ƙin yarda ya yi a sa sunansa a takardar, yana ganin bai dace likita ya yi kasuwanci da abin ceton rai ba. Manufarsu ita ce kada wani ya riga su yin rajista ya riƙe maganin shi kaɗai. A nan ne labarin ya taɓo mu. Yau shekara 100 da ɗoriya, kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kusan rabin manyan da ke bukatarsa saboda nau'i na biyu na cutar ba sa samu. Mu nan mun ga abin da idonmu lokacin da Khartum ta rikice, sannan Wad Madani ta bi baya a watan Disamban 2023, jama'a suka cika makarantu da gidajen 'yan uwa a Gadarif, da yawa sun gudo ba ko kwalba ɗaya a jaka. Cutar kuwa da ma tana nan tsakaninmu: wani bincike da likitocin Jami'ar Gadarif suka wallafa a 2019, a kan manya 600 na garin nan, ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar na da ciwon suga, wasunsu ma ba su sani ba sai ranar da aka auna su.

Tulun da muka fara da shi ma ba camfin tsofaffi ba ne. An gwada tukwanen ƙasa a Khartum, aka wallafa a 2016 cewa suna rage zafi sosai. A 2021 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Sai dai zafin Gadarif a watan Afrilu ya kan zarce haka, shi ya sa inuwa da jiƙaƙƙen yashi ba abin wasa ba ne. Masu tambayar batun alade kuma, wancan zamanin ya wuce: tun 1982 aka fara sayar da insulin irin na ɗan Adam wanda ƙwayoyin halitta ke samarwa a masana'anta, kuma shi ne ake bayarwa yanzu a asibitoci.

Mu koma kan Banting. A watan Oktoban 1923 aka sanar da kyautar Nobel ta likitanci, aka ba shi tare da Macleod. Ransa ya yi mummunan ɓaci, har ya yi niyyar ƙin karɓa, don a ganinsa Best ne abokin wahalarsa, Macleod kuwa yana hutu lokacin da suke fama da karnuka. Da aka lallashe shi sai ya raba rabonsa na kuɗin biyu ya ba Best rabi. Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Har yau ba a samu wanda ya karɓi Nobel ta likitanci da ƙarancin shekaru kamar Banting ba, bai cika 32 ba lokacin sanarwar. Macleod ya gaji da gabar, ya tattara ya koma Aberdeen a 1928, ya mutu a 1935 ana yi masa kallon wanda ya ci guminsa wasu. Sai a 1982 wani masanin tarihi, Michael Bliss, ya tono takardun ɗakin gwajin ya nuna cewa shawarwarin Macleod da tacewar Collip suna da kaso babba, kuma in ba su ba da wuya a kai ga Leonard Thompson. A nawa ganin, Banting ya yi adalci ga Best, ya zalunci Macleod.

Kanada ta ɗauke shi kamar sarki. Majalisa ta yanka masa dala 7,500 duk shekara har ƙarshen ransa, aka kafa masa sashen bincike na kansa, Sarkin Ingila George na Biyar ya ba shi sarautar Sir a 1934. Amma bai sake gano wani babban abu ba. Ya shafe shekaru yana neman maganin kansa, ya taɓa binciken cutar huhun masu haƙar ma'adinai, duk ba abin da ya fito mai girma, kuma ya san haka, abin na cin sa. Aurensa na farko da Marion Robertson ya mutu a 1932 cikin tonon silili a jaridu, da ɗa ɗaya tsakaninsu. Inda yake samun sauƙi shi ne zane. Ya kan bi abokinsa mai zane A. Y. Jackson su shiga ƙauyuka da ƙanƙara suna zana gidaje da duwatsu. A 1927 suka je can arewa mai nisa, ya dawo ya faɗa wa ɗan jarida yadda kamfanin fatu na Hudson's Bay ke cutar mutanen Inuit a ciniki, magana ta zama rigima. Da Collip kuwa, wanda ya taɓa shaƙe wa wuya, sun dawo sun zama aminai.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi sai ya sake sa kakin soja, wannan karon yana jagorantar binciken lafiyar matuƙan jiragen yaƙi. A sashensa ne Wilbur Franks ya ƙirƙiro rigar da ke hana matuƙi suma in jirgi ya yi juyi da gudu. A daren 20 ga Fabrairun 1941 ya hau wani jirgin yaƙi ƙirar Hudson daga Gander a tsibirin Newfoundland zai tafi Ingila. Ba su yi nisa ba injunan suka mutu, jirgin ya juyo ya faɗi a daji cikin ƙanƙara kusa da Musgrave Harbour. Biyu daga ma'aikatan suka mutu nan take. Matuƙin, Joseph Mackey, ya tsira, ya ɗaure wa Banting raunukansa, da gari ya waye ya fita neman taimako. Kafin ya dawo Banting ya cika, ranar 21 ga Fabrairu, yana da shekara 49. Sai bayan kwanaki masu neman su suka hango tarkacen jirgin daga sama.

Tun 1991 ranar haihuwarsa, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya. Gidan nan na Landan ta Ontario, inda ya zauna wata guda ba maras lafiya ko ɗaya, yanzu gidan tarihi ne. A gabansa akwai wata wuta da aka kunna a 1989, da sharaɗin ba za a kashe ta ba sai ranar da aka samo maganin da ke warkar da cutar gaba ɗaya, don insulin riƙe rai yake yi, ba ya warkarwa. Wutar tana ci har yanzu.